Wa Ke Zama Bayan Ta Fashe? Gem da Rubutu a Duniyar Kirifto

Ranar 26 ga Satumba, 2024, Hamster Kombat, gem ɗin dangwale na Telegram mai alkawarin biyan masu bugawa da kirifto, ta raba kuɗinta. Masu gem ɗin sun ce mutum miliyan 300 ne suka shiga tun daga watan Maris na shekarar, miliyan 131 suka cancanci rabo, aka kori sama da miliyan 2 bisa zargin maguɗi. A Sakkwato, daga Mabera zuwa Runjin Sambo, daga ɗakunan kwanan ɗaliban Jami'ar Danfodiyo zuwa teburan masu shayi na Gawon Nama, samari sun shafe watanni suna dangwalar fuskar waya, suna farautar kombon ranar, wato haɗin katunan da ke ƙara maki, suna tambayar juna, "Wai yaushe za ta hwashe?" Da ta fashe, da yawa abin da ya faɗo musu bai kai dala 10 ba, wato ƙasa da naira dubu 16 a canjin lokacin. Zuwa farkon Nuwamba, masu buɗe gem ɗin a wata sun koma wajen miliyan 41. Cikin kowane mutum bakwai, shida sun kama gabansu.

Wannan shi ne ciwon kan duk mai gina dandali a kan bulokcen, wato rumbun bayanan intanet da kuɗin kirifto ke gudana a kansa. Tara jama'a ba wuya, muddin ka ce akwai kuɗi. Riƙe su ne aiki. Shekara da shekaru ana jayayya a kan hanyoyi biyu: a ba mutane gem su buga a biya su, ko a ba su fili su yi rubutu a biya su gwargwadon yadda rubutun ya karɓu. Kowane ɓangare yana da alƙaluman da yake kafa hujja da su, kuma alƙaluman nan su ne farkon inda ake ruɗa mutane.

Bulokcen ba ta ƙirga mutum, walat, wato asusun ajiyar kirifto, take ƙirgawa. A Sakkwato duk ɗan mainin, wato mai dangwalar waya don tara kirifto, ya san haka ba tare da an karantar da shi ba, domin ya ga mai waya uku, ya ga wanda ya buɗe asusu da layin mahaifiyarsa, da na ƙanwarsa, da na matar yayansa, don ya ci ladan rifara, wato ladan gayyato sabon mutum. A wasu ƙasashen ma ba a wahalar da yatsa, manhaja ake rubutawa ta riƙa buga gem da asusu dubu a lokaci guda. Don haka idan aka ce gem kaza yana da masu bugawa dubu ɗari uku kullum, abin da aka faɗa kawai shi ne walat dubu ɗari uku sun motsa. Rubutu ya fi wuyar ninkawa ta wannan hanya, ko da yake tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka bazu a ƙarshen 2022 wannan katangar ma ta fara zaizayewa. Kowace gwama tsakanin gem da rubutu sai an fara rage wa gem wannan kumburin kafin a soma lissafi.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi: kuɗin da ake biya, daga ina yake fitowa?

Axie Infinity ce ta fi kowa bayyana amsar, domin a gaban idon duniya ta hau ta kuma faɗo. Kamfanin Sky Mavis na ƙasar Biyetnam ya fito da ita a 2018, amma sai lokacin kullen korona ta kama wuta, musamman a Filifin. A lokacin, kafin ka fara bugawa sai ka mallaki 'yan dabbobin gem guda uku, kuma a tsakiyar 2021 kuɗin ukun ya kai ɗaruruwan daloli, wani lokaci ya haura dubu. Talaka ba ya iyawa, sai masu hali suka riƙa sayen dabbobin suna ba da aronsu, yaro ya buga, a raba abin da ya samu. Abin da ake samu ɗin tokin ne, wato kuɗin kirifto na gem ɗin, mai suna SLP. Duk wanda ya ci wasa, a ƙirƙiro sabon SLP a ba shi. To wa ke sayen SLP ɗin? Mai son ya haɗa dabbobi biyu su haifi sabuwa, domin sai an ƙona SLP ake samun haihuwa. Wa ke sayen sabuwar dabbar? Sabon shiga. Ka ga dai inda zaren ya ƙare. Matuƙar sababbi suna tururuwa, farashi yana sama, kowa yana murna, har wasu a Filifin suna samun abin da ya fi mafi ƙarancin albashin ƙasarsu. A Yulin 2021 SLP ya kai wajen santi 40 na dala. A Nuwamba masu bugawa kullum suka kai kusan miliyan 2.7. Daga nan shigowar sababbi ta ja baya, amma tsofaffi ba su daina haƙo SLP ba, kullum sai ƙaruwa yake a kasuwa babu mai ƙonawa. Farkon 2022 ya faɗo zuwa wajen santi ɗaya. A Fabrairu kamfanin ya datse wasu hanyoyin samun SLP don ya tsayar da zubar, a Maris kuma ɓarayin intanet suka kwashe sama da dala miliyan 600 daga gadar Ronin, hanyar shigar da kuɗi cikin gem ɗin da fitar da shi, satar da hukumomin Amurka suka ɗora wa gungun Lazarus na Koriya ta Arewa. Ana yawan cewa satar ce ta karya Axie. Ba haka ba ne, ta tarar da ita a kwance.

Wanda ya ga yadda MMM ta daskare a Najeriya a Disambar 2016 zai ji ƙanshin abu ɗaya, ko da yake akwai bambanci: Axie gem ce ta gaske, tana da dabara, tana da masu sonta don ita kanta. Sai dai waɗannan 'yan kaɗan ne. Mafi yawa aiki suka zo yi. Mutumin da ya zo gem don lada kamar ɗan ƙwadagon cirar albasa ne a fadamun Wurno ko Goronyo: yau yana gonarka, gobe in maƙwabcinka ya ƙara ɗari biyu yana can, kuma ba wanda zai ce ya ci amana, tun farko ba son gonarka ya kawo shi ba. Mai dandalin da ya ƙirga irin waɗannan a matsayin jama'arsa, kansa ya yaudara.

Gem ɗin dangwale na Telegram sun zo da wata dabara. Sun cire kuɗin shiga gaba ɗaya, kuma sun jinkirta biya. Notcoin ta fara a Janairun 2024, ta tara mutum miliyan 35, aka saka tokin ɗinta a kasuwa ranar 16 ga Mayu, kuma mutane da dama a Arewa sun sha jar miya da gaske, a daidai lokacin da dala take wajen naira 1,500, man fetur ya yi tsada tun bayan cire tallafi a Mayun 2023, abinci ya gagari mutane. Hoton alat ɗaya a Facebook ya fi kowace irin talla. Shi ya sa da Hamster da TapSwap da sauran suka zo, ba a tsaya tambaya ba. Amma lissafin a bayyane yake tun farko: tukunyar da aka raba wa miliyan 35 ba za ta ƙosar da miliyan 131 ba. Su kuwa masu gem sun riga sun ci ribarsu ta wata ƙofar, domin kowane "aikin yau" da ake ba ɗan mainin, kalli bidiyon nan a YouTube, shiga tashar can, sauke wancan gem, talla ce da wani ya biya kuɗinta ko take kawo kuɗi. Idon mutum da lokacinsa su ne hajar.

Abin mamaki a nan, irin wannan gem ya fi riƙe mutane kafin ya biya su. Muddin ba a raba ba, kowa yana da miliyoyinsa a zuci, kuma barin gem ɗin yana nufin asarar wahalar watanni. Da zarar an raba, lissafi ya fito fili, babu sauran abin jira. Pi Network ta fi kowa cin moriyar wannan. Tun 14 ga Maris, 2019, wasu masana da suka fito daga Jami'ar Stanford suka ƙaddamar da ita, aikin kawai shi ne ka danna maɓalli sau ɗaya cikin awa 24. Sai ranar 20 ga Fabrairu, 2025 aka buɗe ta ga kasuwannin waje. Kusan shekara shida mutane suna dannawa, har wasu 'yan baiwa, kamar yadda ake kiran masoyanta, suka yi imani cewa Pi ɗaya zai kai dala 314,159, kuma in ka musa a yi faɗa da kai. Ta taɓa kusan dala 3 a makon farko-farko, daga baya ta sauko ƙasa da dala ɗaya. In dai tsawon zama ne ma'auni, Pi ta doke Axie da Hamster a haɗe. Amma riƙon da alkawari ya yi ba shaida ba ce cewa mutane suna son wurin.

Rubutu fa? Gwajin da ya fi daɗewa shi ne na Steem, dandalin rubutu a kan bulokcen, wanda Ned Scott da Dan Larimer suka kafa a 2016, da kuma Hive da ta ɓalle daga jikinta. Tsarin yana da ɗan sarƙaƙiya, amma ya cancanci a bi shi a hankali, domin a cikinsa ƙarfin rubutu da rauninsa suke.

Kullum bulokcen ɗin tana ƙirƙiro sababbin tokin bisa ƙa'idar da aka rubuta, kaso mafi tsoka ya shiga wata tukunyar lada. Ka wallafa rubutunka, ya yi kwana bakwai a buɗe, masu karatu su jefa masa ƙuri'a. Ƙuri'ar ba ɗaya ba ce da ɗaya. Nauyinta ya danganta da yawan tokin da mai jefawa ya kulle a asusunsa. Wanda ya kulle na dala 10, ƙuri'arsa ba ta kai ko santi ba. Wanda ya kulle na dala dubu ɗari, dangwalawarsa ɗaya tana iya zama abincin wani na mako. Bayan kwana bakwai a raba abin da rubutun ya tara, rabi ga marubuci, rabi ga waɗanda suka zaɓe shi, tsarin da aka koma kansa tun Agustan 2019. Daga rabon marubucin ma, a bisa al'ada rabi ne yake zuwa a sake, sauran rabin yana shiga kulle ya ƙara wa ƙuri'arsa nauyi. In yana son fitar da na kullen a Hive, sai ya jira mako 13, ana sakar masa kaɗan-kaɗan kowane mako.

Dubi abin da wannan ke yi wa mutum. Ladansa ba daga na'ura yake zuwa ba, daga hukuncin wasu mutane yake zuwa, don haka dole ya san su, su san shi. Zai karanta nasu, ya yi musu sharhi, ya shiga hirarsu. Bayan shekara guda yana da suna, yana da tarin rubuce-rubucen da ba mai iya gogewa, yana da mutum talatin ko hamsin da za su tambayi lafiyarsa in sun ji shi shiru. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai iya sayarwa ko ya ɗauka ya kai wani wuri, saɓanin dabbar Axie da ake sa wa farashi a rabu da ita cikin minti biyar. Lokacin da STEEM ya faɗo daga wajen dala 8 a Janairun 2018 zuwa ƙasa da santi 30 a ƙarshen shekarar, har Steemit, kamfanin da ya gina Steem, ya sallami kusan kashi 70 cikin 100 na ma'aikatansa, jama'a da yawa sun gudu, amma wani gungu ya zauna yana rubutu a kan ladan da bai taka kara ya karya ba.

Gungun nan ne ya nuna kansa a 2020. A Fabrairu Justin Sun, mai bulokcen ɗin Tron, ya sayi kamfanin Steemit tare da ɗimbin tokin da ke hannunsa. Farkon Maris aka yi amfani da tokin ɗin, haɗe da na abokan hulɗar wasu manyan kasuwannin kirifto, aka tumɓuke shaidu 20 da jama'a suka zaɓa don tafiyar da bulokcen ɗin. Marubutan ba su watse ba. Sun kwafi bulokcen ɗin ɗungurungum, da asusun kowa da rubutunsa, suka bar tokin ɗin kamfanin a waje, suka buɗe Hive ranar 20 ga Maris. Ka yi tunanin 'yan Hamster su taru su gina wata Hamster don an ɓata musu rai. Ba za a yi ba, domin babu abin da ya haɗa su sai jiran rana ɗaya.

An yi sa'a, akwai inda gem da rubutu suka zauna a gida ɗaya, ana iya kallonsu kafaɗa da kafaɗa. Splinterlands, gem ɗin kati da ya fara a 2018 da sunan Steem Monsters, ya koma kan Hive a tsakiyar 2020. Duk wanda ya biya dala 10 na shiga, an buɗe masa asusun Hive ke nan. A 2021, da aka fito da tokin SPS, asusun da ke bugawa kullum suka kai ɗaruruwan dubbai, alhali masu wallafa rubutu a rana 'yan dubbai ne. A takarda gem ya yi wa rubutu fintinkau. Amma kaso mai yawa na asusun nan manhajoji ne ke juya su, har daga baya aka haramta su a wani sashe na gasar. Kuma mafi yawan mutanen gaske da suka shigo ta ƙofar gem ba su taɓa leƙa ɓangaren rubutu ba, wasu ba su ma san suna da asusun da zai iya wallafa wani abu ba. Da kasuwa ta faɗi a 2022, darajar katuna ta zube, kamfanin ya sallami kashi 45 cikin 100 na ma'aikatansa a Nuwamba, taron ya ragu ƙwarai. Waɗanda suka rage kashi biyu ne: masu son wasan don daɗinsa, da waɗanda suka riga suka fara rubutu a kan wasan, suna bayanin yadda suka jera katunansu, suna shiga gasar rubutun mako-mako da gem ɗin ke saka wa ƙuri'a. Gem ya kawo su, hira da rubutu suka zaunar da su.

Kada a ɗauka ina wanke rubutu ne. Shi ma kuɗinsa daga ƙirƙirar sabon tokin yake fitowa, ba daga aljihun mai karatu ba, kuma darajar tokin ɗin tana rataye ne a kan samun mai saye. Bambancinsa da Axie shi ne zubar a hankali take, saboda kullen mako 13 da kuma ƙa'idar da ke rage yawan ƙirƙirar kowace shekara. Sannan inda duk aka ce ƙuri'ar mai kuɗi ta fi nauyi, fadanci ya samu gindin zama. A Steem, tsakanin 2017 da 2019, har sayar da ƙuri'a aka riƙa yi a fili, ka tura kuɗi manhaja ta zaɓi rubutunka ya hau sama, ko da shirme ne. Akwai kuma ƙuri'ar ragewa, wadda babba ɗaya zai iya shafe ladan mako na ƙaramin marubuci da ita don saɓanin da bai shafi rubutun ba. Sabon shiga kuwa, wahalarsa ta fi ta kowa. An ba shi mabuɗai huɗu masu tsawo an ce in ya ɓatar babu mai dawo masa da su, ya zauna ya tsara rubutu na awa uku, bayan kwana bakwai ya ga santi 4. Yawancinsu ba sa kai wata guda. Gem yana ba ka ɗan abin farin ciki a minti na farko, rubutu sai ka yi watanni kana magana kai kaɗai. Don haka rubutu ma yana zubar da mutane, a bakin ƙofa yake zubar da su, gem kuwa sai an cika ɗaki.

Ga ɗan Sakkwato akwai ƙarin wani shinge, shi ne harshe. Masu Sifaniyanci, musamman 'yan Benezuwela da tsadar rayuwa ta koro, sun yi ƙarfi a Hive saboda akwai masu nauyin ƙuri'a da ke karanta harshensu suna zaɓa. 'Yan Koriya ta Kudu sun yi haka a Steem da kuɗinsu. 'Yan Najeriya ma suna nan da dama, amma da Turanci suke rubutu, kuma mafi yawansu daga Kudu. Yaron da ya iya tsara zance da Hausa har a riƙa tura rubutunsa daga waya zuwa waya, in ya wallafa shi a can, wa zai karanta? Wanda ke da ƙuri'a ba ya jin Hausa, wanda ke jin Hausa ba shi da ƙuri'a. Dangwale kuwa ba ya tambayar takardar makaranta. Mai kabu-kabu, da mai sayar da lemo a Tsohuwar Kasuwa, da matar aure a cikin gida, duk yatsa ɗaya gare su da ɗan jami'a. Wannan ne ya sa mainin ya mamaye Arewa cikin makonni, rubutun bulokcen kuwa shekara kusan goma ko sunansa ba a cika ji ba.

Ta wani gefen kuma yanayin garin ya fi dacewa da rubutu. Gem na biya yana son ka kullum, wani ma kowane awa uku, in ka tsallake rana lissafinka ya koma baya. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, waya ta yi zafi ta riƙa kashe kanta, wuta ba ta zama, sai an kai caji shago an biya, data kuma ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, kullum ɗin nan tana da farashi. A Satumbar 2021, lokacin da Axie ke kan ganiyarta, gwamnatin jihar Sakkwato ta sa aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 saboda 'yan bindiga. Wanda ke Isa ko Sabon Birni a lokacin, ko da yana da dabbobin aro a hannu, mai su zai karɓe ya ba wani. Marubuci yana iya rubutawa a takarda ko a waya ba data, ya wallafa ranar da ya shigo gari, kuma sau biyu a mako ya ishe shi.

Sai batun da ba a raba Basakkwace da shi, wato halacci. Malamai sun yi saɓani a kan kirifto da mainin, kowa da wanda yake bi. Amma akwai wuraren da ko mai sassauci zai dakata. Gem ɗin da ake sayen ƙunshin kati a rufe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe, ko ka dace da mai tsada ko ka tashi da tarkace, ya yi kusa da caca. A ɓangaren rubutu ma, ajiyar dalar Hive tana ba da ruwa, wanda ya taɓa kai kashi 20 cikin 100 a shekara, ko da yake ba dole ne marubuci ya saka kuɗinsa a ciki ba. Mai gina dandali a Turai ba ya sa wannan a lissafinsa, amma a nan wa'azi ɗaya bayan Magariba yana iya rage masa mutane fiye da faɗuwar farashi. Haka ma hanyar fitar da kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna taɓa kirifto a Fabrairun 2021, ya janye a Disambar 2023, kasuwar kirifto ta Binance ta rufe hada-hadar naira a Maris 2024, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta shigar da kadarorin dijital ƙarƙashin hukumar SEC. Kowane juyi sai ya bar wasu a hanya, ɗan gem da marubuci baki ɗaya.

Duk da haka guguwar mainin ta bar wani abu a baya, kuma a ganina shi ne amsar jayayyar. Gem ɗin sun mutu ɗaya bayan ɗaya, amma mutanen da suka riƙa bayaninsu da Hausa suna nan. Wanda ya riƙa rubuta yadda ake haɗa walat, yadda ake gane shafin ɓarayi, yadda ake sayar da tokin a karɓi naira a OPay ko wurin mai POS, yau yana da mabiya dubbai, kuma duk sabon abin da ya fito wurinsa ake zuwa a ji ko na gaske ne. Zaurukan WhatsApp da Telegram da aka buɗe don kombo sun koma wurin cinikin waya, neman aiki, sanarwar ɗaurin aure da ta'aziyya. Ashe rubutu da hira ne suka riƙe jama'ar, sai dai ba a kan bulokcen aka yi su ba. TON, bulokcen ɗin da gem ɗin Telegram irin su Hamster suka hau, ta ga walat miliyoyi na 'yan watanni, Facebook da WhatsApp suka tashi da mutanen.

Akwai ma wani misali da ya girmi mainin. Marubutan littattafan Hausa na intanet, yawancinsu mata, sun daɗe suna sakin labari shafi-shafi, su ba da farkon kyauta, in ya kai inda ba a iya haƙuri su ce sai an biya. Mai karatu ta tura 'yan ɗaruruwan naira ta banki ko katin waya, a saka ta a zauren waɗanda suka biya. Babu tokin, babu tukunyar lada, babu jiran ranar fashewa. Kuɗin daga aljihun mai son abin yake fitowa, abin da Axie da Steem duk suka kasa samu da yawa. Kuma mai karatun da ta gama littafi ɗaya tana bin marubuciyar zuwa na gaba, shekara bayan shekara.

Da wannan kasuwa za ta koma kan bulokcen, da an samu Hausawa masu zama ba masu wucewa ba. Amma abubuwa biyu sun tare hanya. Na farko, sai an samu masu jin Hausa da za su sayi tokin da yawa su kulle, ko wani babba ya ara musu nauyin ƙuri'arsa, su zauna suna karantawa suna tace na sata da wanda na'ura ta rubuta. Mutanen da suka fi cancanta da wannan aiki su ne masu bayanin kirifto ɗin nan, su kuwa ladan rifara na sabon gem ɗaya ya fi musu abin da za su samu a wata shida na tace rubutu. Na biyu ya fi wuya. Babban kukan marubuciyar intanet shi ne masu fitar mata da littafin kuɗi su watsa a zaurukan kyauta. A Hive kuwa duk abin da aka wallafa a buɗe yake ga kowa, ba a kulle shi, ba a kuma goge shi daga bulokcen ko da mai shi ta so. Tsarin da aka gina don kada wani ya iya toshe bakin marubuci, shi ne kuma ya hana ta sa wa shafi na ashirin ƙofa ta ce sai an biya ɗari biyar.